Sabon rauni a kan tsohon ciwon jijiya: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Hausawa na cewa jiki magayi, kuma ga mai lafiya haka abin yake, domin idan ƙaya ta soke shi zafin ne zai fara sanar da shi kafin idonsa ya gani. Amma wanda ya daɗe da ciwon jijiya, wato jijiyar da ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon zafi da taɓi, ko sanadinsa ciwon sukari ne, ko matsewar jijiya a ƙashin baya, ko wani tsohon hatsari, jikinsa ya daina ba shi labari daidai. Jijiyar da ta lalace tana iya yin shiru alhali ƙashi ya tsage, tana kuma iya tayar da zogi kamar wuta saboda mayafi kawai ya gogi fata. Kusan duk kuskuren da na gani, har da wanda ni kaina na tafka, daga nan ya samo asali.

Bara da hunturu ƙafata ta gurɗe a bakin kwata ina saukowa daga Adaidaita Sahu kusa da Ƙofar Nasarawa a Kano. Zafin da na ji bai kai rabin wanda nake kwana da shi kullum ba, sai na ce targaɗe ne, na ci gaba da zuwa kasuwa har kwana huɗu. 'Yata ce ta tsugunna za ta gyara mini takalmi, ta ɗago ta ce, "Baba, ai ƙafar nan ta fi 'yar uwarta girma, kuma da zafi kamar an ɗauko ta daga rana." Hoton da aka ɗauka a Asibitin Ƙashi na Dala ya nuna ɗaya daga cikin ƙananan ƙasusuwan ƙafar ya tsage. Kuskurena shi ne na auna girman rauni da yawan zafi, alhali ma'aunin nawa ya daɗe da lalacewa. Gyaran shi ne a bar ido da hannu su yi aikin da jijiya ta kasa: a jera gaɓar da ta ji rauni da 'yar uwarta a cikin haske, a duba kumburi da canjin launi, a taɓa da bayan hannu a ji ko ɗaya ta fi ɗumi, a sa madubi a ƙarƙashin tafin ƙafa ko a roƙi wani ya duba tsakanin yatsu. Ga mai ciwon sukari, ƙafar da ta kumbura ta yi ɗumi ba tare da ciwo mai yawa ba abar kai wa likita ce a ranar, domin idan aka ci gaba da taka ta ƙasusuwanta na iya rugujewa har siffarta ta canza. Idan kuwa ƙusa ko ƙarfe ne ya huda, a wanke da ruwa mai tsabta, a je a yi maganar allurar tetanus, kada a jira sai wurin ya tara mugunya.

Akwai kuma waɗanda abin ke zo musu ta ɗaya gefen. Ƙaramin rauni yakan tayar da tsohon ciwon gaba ɗaya, musamman idan barci ya ƙaurace kuma fargaba ta shigo, sai mutum ya yanke cewa jijiyar ta ƙara lalacewa kuma ya koma baya ke nan har abada. Sau da yawa tashin na ɗan lokaci ne, yakan lafa yayin da raunin ke warkewa. Abin da ya taimake ni shi ne raba ciwon biyu da sunayensu. Na jijiya yana zuwa da ƙuna, ko suka kamar ta allura, ko fizga kamar ta lantarki, kuma ya fi tsananta da dare. Na rauni yana zaune wuri ɗaya, yana ƙaruwa idan an danna ko an motsa, yana raguwa daga mako zuwa mako. Mai zuwa asibiti ya faɗa wa likita su daban-daban, domin idan ya ce kawai ƙafa na ciwo, ana iya duba tsohon a bar sabon.

Gashi da ruwan zafi shi ne abin da hannun kowace uwa ke fara kaiwa gare shi, kuma da kyakkyawar niyya ake yi, sai dai a kan fatar da ba ta jin taɓi hanya ce ta ƙuna. Wanda ake gasa wa ba zai janye ƙafa ba, zai ma ce a ƙara, sai da safe a ga fata ta yi bororo, bororon ya fashe ya zama gyambon da zai ci watanni. Haka kaskon wuta da ake kusantowa da sanyin asuba, haka man zafi da ake lafta wa a ɗaure da tsumma. Idan za a sa ruwa, mai lafiya ya gwada shi da gwiwar hannunsa ya tabbatar ɗumi ne kawai. Ƙanƙara ma tana ƙona fata, saboda haka a naɗe ta a tawul, kada ta wuce minti 15, a kuma riƙa ɗagawa ana duba wurin.

Batun ɗorin gargajiya yana da nauyi a garin nan, kuma ban raina sana'ar da aka gada kaka da kakanni ba. Damuwata ita ce abin da ke sanar da maɗori cewa ɗaurinsa ya yi tsanani shi ne kukan majinyaci, mai mutuwar jijiya kuwa ba zai yi kukan ba har sai jini ya daina kaiwa yatsu. Shi ya sa ya kamata hoton ƙashi ya zo kafin kowane ɗauri. Ko ɗaurin asibiti ne, a gaya wa mai yin sa cewa gaɓar ba ta ji sosai, a kuma riƙa duba yatsu safe da yamma. Idan sun yi sanyi, ko sun yi duhu, ko sun ƙi motsi, ko wari ya fara fitowa, a koma nan take.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen magani. Na farko, mutum ya ninka maganin jijiyarsa, irin su amitiriftilin da gabafentin da firegabalin, yana zaton zai kashe zafin karaya. Waɗannan ba don irin wannan zafin aka yi su ba, abin da ƙarin zai jawo shi ne jiri da layi, mai ƙafa ɗaya kuwa jiri na nufin faɗuwa ta biyu. Na biyu, wani ya ajiye su gaba ɗaya don an ba shi sabbin ƙwayoyi, alhali yanke su farat ɗaya na iya kawo rashin barci da zufa da tashin ciwon fiye da da. Na uku kuma mafi haɗari shi ne haɗin da ake karɓowa a kemis a ƙulle cikin leda ba suna. A cikinsa ana iya samun diklofenak da ibufurofen tare, waɗanda dangi ɗaya ne, haɗa su na cin bangon ciki yana kuma wahalar da ƙoda, ƙodar mai ciwon sukari kuwa dama a takure take. Ana iya samun deksametazon, wanda ke ɗaga sukari ya kuma jinkirta warkewar rauni. Tiramadol a kan amitiriftilin yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, shi ko kodin a kan firegabalin suna iya danne numfashi cikin barci. Mu a Kano mun ga abin da kodin ya yi wa matasa kafin gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, bai kamata mu ɗauke shi abin wasa ba don kawai mai shan dattijo ne. Hanya mafi aminci ita ce a zuba duk magungunan da ake sha cikin jaka, har da na gargajiya, a ajiye su gaban likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani. Farasitamol ma yana da iyaka: babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da dare, ya kuma lura ko akwai shi a ɓoye cikin maganin mura.

Bayan an ɗaure raunin, kuskuren da ke biyo baya shi ne kwanciya ba motsi. Gaɓar da ta karye tana bukatar hutu, amma sauran jiki idan ya kwanta tsoka na zubewa, gaɓɓai na sandarewa, ciwon jijiyar kuma ya ƙara samun fili. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi, a Dala ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko a Asibitin Murtala, su ne ke nuna abin da za a motsa da abin da za a bari. Su ne kuma suka koya mini cewa nauyin mai sandar dogarawa a tafin hannu yake sauka, domin rataye hammata a kanta na danne wata jijiyar har wuyan hannu ya saki.

Da yawa daga cikinmu sallah ce ke sa mu takura raunin, muna jin nauyin a gan mu a zaune a cikin sahu. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba da damar yin ta a zaune ga wanda ya kasa tsayuwa, ko a kishingiɗe ga wanda ya kasa zama, malamai kuma sun yi bayanin shafa a kan bandeji a wajen alwala. Jiƙa rauni sau biyar a yini yana hana shi kamewa.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida, musamman bayan faɗuwa a kan baya ko ƙugu: fitsari ya tsaya ko ya riƙa zuba ba da sani ba, bayan gida ya kufce, tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta rasa ƙarfi fiye da yadda aka saba. Haka idan zazzaɓi ya shigo, ko ja da kumburi suka fara hawa sama daga bakin rauni, ko sukari ya ƙi sauka duk da ana shan magani. Mai ɗayan waɗannan a kai shi sashen gaggawa a daren, a riƙe jakar magungunansa a hannu, kuma wanda ya raka shi ya fara da gaya wa ma'aikatan cewa majinyacin yana da ciwon jijiya, ba lallai ne ya ji zafi a inda suka danna ba.