Yadda ake karatun kos ɗin kiriftografi a jami'a ba tare da hadda ba

Idan ka yi rijistar kos ɗin ɓoye saƙo, to ka fara da lissafi tun kafin lakca ta yi nisa, don yawanci a nan ake zamewa ba a wajen kwamfuta ba.

Farko ka iya lissafin saura, wanda ake cewa mod. Kamar agogo ne, ƙarfe 10 ka ƙara awa 5 sai ka tsinci kanka a ƙarfe 3. Ka yi ta maimaitawa har ya zauna, ka haɗa da lambobin firam, wato waɗanda 1 da su kansu kaɗai ke raba su, da hanyar Yuklid ta nemo babbar lambar da ke raba lambobi biyu.

Sai tsofaffin dabaru, kar ka raina su. Ta Siza, shugaban Rum na da, matsar da harafi ake yi gaba uku, A ta koma D. Rubuta wa abokinka saƙo da ita ka ce ya fasa, zai fasa kuwa in ya ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa, dabarar da malamin nan Balarabe Al-Kindi ya bayyana a Bagadaza tun ƙarni na 9.

Daga nan a zo makulli ɗaya, wanda da shi ake kullewa da shi ake buɗewa. Tsohuwar dabarar irin wannan, DES, makullinta bit 56 ne, wato jerin 0 da 1 guda 56, ya yi gajarta shi ya sa sabuwar dabara AES ta gaje ta a 2001 da 128 ko 192 ko 256. Su biyun zagaye-zagaye suke yi suna cakuɗa saƙo, fahimci abin da kowane zagaye yake yi kawai, haddar teburan lambobinsu ɓata lokaci ne wallahi.

RSA ta 1977, mai makulli biyu, na fili don kullewa da na sirri don buɗewa, ita ce za ka zauna da biro da takarda. Ɗauki 3 da 11, ninka su 33. Rage ɗaya daga kowacce ka ninka, 20. Makullin fili 3, na sirri 7, saboda 3 sau 7 21 ne, saura 1 in an raba da 20. Yanzu saƙonka 4 ne, tunda makullin fili 3 ne sai ka yi 4 sau 4 sau 4, 64, mod 33 ya ba ka 31, shi za ka aika.

Amma fa wannan na aji ne, kar ka ƙirƙiro naka salon ka kulle bayanan mutane da shi, tun 1883 masanin ɓoye saƙo Kerckhoffs ya ce makulli kaɗai ya kamata ya zama sirri. Don buɗewa, shiga Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ka rubuta pow(31, 7, 33), wato 31 guda 7 a ninke, mod 33, 4 ɗinka za ta dawo, sai ka canza lambobin zuwa 5 da 11 ka nemo makullin sirrin da kanka.