Yadda Ake Zaɓar Samfurin da Ya Dace Cikin Motocin Porsche 911

Wanda ya yanke shawarar sayen Porsche 911 bai gama zaɓe ba tukuna, domin suna ɗaya ne ke lulluɓe da motoci masu halaye daban-daban. Tun da kamfanin na Jamus ya fara nuna ta a birnin Frankfurt a 1963, tushenta bai sauya ba, wato inji mai silinda shida da aka ɗora a can bayan mota, amma samfuran sun yawaita har suna rikita mai saye.

Mataki na farko shi ne ka tantance hanyar da motar za ta riƙa bi a kullum, kuma ka gaya wa kanka gaskiya. A ganina a nan ne mafi yawan masu saye suke kuskure, saboda suna zaɓen mota don filin tseren da ba za su taɓa shiga ba. Samfurin GT3 an ƙera shi ne don tsere: injinsa mai lita 4.0 ba shi da turbo, yana juyawa har sau 9,000 a minti ɗaya, sifirinsa yana da tauri, kuma wanda ya fito a 2021 ba shi da kujerun baya. Motar tana da daɗin da babu irinsa a buɗaɗɗen titi, amma a cunkoson gari ƙararta da taurinta suna gajiyar da mutum. Idan tafiyarka ta ofis ce da doguwar hanya lokaci-lokaci, Carrera ko Carrera S sun fi dacewa da kai.

Bayan haka sai ka dubi ƙarfin inji, ba tare da lambobi sun ruɗe ka ba. A jerin da aka fara sayarwa a 2019, Carrera tana da ƙarfin doki 385, Carrera S 450, GTS 480, Turbo S kuwa 650. A wannan jerin, Turbo S tana kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 2.7, ita kuwa Carrera tana buƙatar 4.2. Tazarar tana da girma a takarda, sai dai ko ƙaramar cikinsu ta fi ƙarfin abin da dokar hanya ta yarda da shi nesa ba kusa ba. A 2024 an sabunta GTS da inji mai lita 3.6 wanda lantarki ke taimaka masa, ƙarfinsa ya kai 541, don haka ka tambayi shekarar ƙira kafin ka kwatanta.

Na uku shi ne giya da tayoyin da ke jan motar. Giyar PDK mai sauya kanta ta fi hannun kowane direba sauri, kuma tana hutar da ƙafa a cunkoso. Giyar hannu ta mai son ya ji motar a jikinsa ce, kuma ba kowane samfuri ke zuwa da ita ba. Lamba 4 a cikin suna, kamar Carrera 4, tana nufin tayoyi huɗu ne ke ja, abin da ke da amfani a hanya mai santsi. 

Sannan ka tsaya sosai a kan ƙarin kayan da ake biya daban. Na'urar da ke ɗaga gaban mota kimanin milimita 40 tana kare shi daga gogar tudun rage gudu, kuma ban ga dalilin barinta ba. Birkin seramik yana jure zafi, ba ya kuma zubar da ƙura sosai a kan ƙafafun, amma sauya shi yana da tsada ƙwarai, kuma na ƙarfe ya wadatar da tuƙin yau da kullum.

Daga ƙarshe ka nemi dillali ya ba ka samfura biyu ka gwada a rana ɗaya kuma a hanya ɗaya, har da wurin da kwalta ta lalace. Ka zauna a kujerar aƙalla rabin awa, ka saurari ƙarar tayoyi, sannan ka karɓi bayanin garanti, inshora da kuɗin sabis na kowanne a rubuce kafin ka sa hannu.