Sababbin zuwa Jamus, a kula da kalmomin da ake tsinta a titi

Barkanku da sauka. Rajistar adireshi da buɗe asusun banki ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba, duk ɗan'uwan da ya kwana biyu a Hamburg ko Berlin zai raka ku, kuma jama'armu ba ta taɓa gazawa wajen wannan ba. Bakinku ne yake damuna.

Kafin mutum ya iya gaisuwa da Jamusanci sai ka ji ya haddace "Digga" da "Alter", wato yadda samari suke kiran junansu. Waɗannan ba su da illa, har "wallah" za ku ji a bakin yaran Jamusawa da ba su san nauyin rantsuwa ba. Kamfanin ƙamus na Langenscheidt ma yakan fitar da kalmar matasa ta shekara: "cringe" a 2021, "Aura" a 2024. Ku yi ta yi da sa'anninku, amma a gaban jami'i ko mai gidan haya "Sie" ake cewa, wato "ku" na girmamawa. "Talahon" kuwa kada ku taya su dariya, samarin baƙi irinku ake yi wa ba'a da ita.

Inda gizo ke saƙa shi ne zagin siyasa. Kwanaki a wurin wani suna, wani ƙanenmu da bai cika shekara da zuwa ba ya ga labarai a talabijin, ya taɓe baki ya ce "Lügenpresse", yana jin shi ma ya waye. A TikTok ya tsince ta. Na ce masa, ƙanena, ka san masu wannan kalmar? Ma'anarta 'yan jarida maƙaryata. 'Yan Nazi sun yi amfani da ita, sannan ƙungiyar Pegida ta farfaɗo da ita a zanga-zangar da ta fara yi duk ranar Litinin a Dresden a 2014, ta ƙin jinin Musulunci da baƙi. Kwamitin masana harshe ya zaɓe ta a matsayin kalma mafi muni ta shekarar. A 2015 suka zaɓi "Gutmensch", ba'a ce ga masu taimakon 'yan gudun hijira. A 2016 "Volksverräter", maci amanar al'umma. A 2023 "Remigration", wadda a bakin masu tsattsauran ra'ayi take nufin a tattara ni da kai a mayar da mu gida. Sukar jarida halal ce, mu ma muna ƙorafin yadda suke ba da labarin Afirka. Amma ka yi da kalmominka, kada ka ari na wanda ke neman korarka.

Ga kuma doka, wadda ita ce ba ku ɗauka da gaske. A gida mun saba a yi wa gwamna tatas a rediyo ko a Facebook a wuce. A nan zagi laifi ne ƙarƙashin sashe na 185 na dokar manyan laifuka, tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara 1, ya kai 2 idan a bainar jama'a ne. Ɗaga wa direba ɗan yatsan tsakiya ma zagi ne. Idan ɗan siyasa ka zaga a fili, akwai sashe na 188 da aka tsaurara a 2021. Gaisuwar Hitler, ko da wasa, sashe na 86a ne, har shekara 3. Kuma tarar ba ita ce ciwon ba. Ana lissafa ta ne da kwanakin samun mutum, idan ta haura kwana 90 za ta iya tare maka hanyar zama ɗan ƙasa, in kuma laifin na wariyar launin fata ne ko ƙin Yahudawa, ko ƙarami ne ya isa. Na ga magidanci da ya shekara biyar yana aiki ba fashi, takardunsa suka tsaya saboda abin da ya rubuta cikin fushi da dare.

Masu ihun "Lügenpresse" ɗin nan su ne kuma za su ce muku kada ku biya kuɗin rediyo da talabijin, wai na "Staatsfunk" ne, wato kafar yaɗa labaran gwamnati. Kuɗin Yuro 18.36 ne a wata kan kowane gida, ko kana da talabijin ko ba ka da ita, da shi ake tafiyar da tashoshin jama'a na ARD da ZDF. In ka yi biris da wasiƙun, bashi ne yake taruwa har a aiko mai karɓa. Wanda ke karɓar tallafin gwamnati ko na masu neman mafaka yana iya neman a yafe masa, amma sai ya cika takarda ya aika da kansa.