Yadda Ake Sauya Fatar Birki a Injin Juya Eriya

Idan iska ta fara karkatar da eriya daga inda aka saita ta, mai yiwuwa fatar birkin injin da ke juya ta ce ta cinye. A ƙananan injuna irin su CD-45II na kamfanin Hy-Gain, faifai ne ke gogar fatar yana riƙe sandar injin da zarar an ɗauke wuta.

Da farko a juya injin zuwa tsakiyar zangonsa, a cire wuta, a ɗaure eriyar da igiya, sannan a sauko da injin. Kafin a kwance noti ko ɗaya, a ja layi a jikin murfin sama da na ƙasa, domin idan aka mayar da su a karkace, allurar da ke nuna alkiblar eriya a akwatin sarrafa injin za ta riƙa yin ƙarya. A buɗe shi cikin faranti mai zurfi, saboda ƙwayoyin boris kan zube.

A kankare tsohuwar fatar da ragowar gam, a goge faifan da samfefa mai laushi, a wanke shi da sinadarin cire maiƙo. Kaurin sabuwar fatar shi ne abin lura: mai kauri da yawa za ta hana injin tashi har ya yi zafi, siririya kuma ba za ta riƙe ba. A manna ta da gam mai jure zafi, a danne ta har ta bushe sarai.

Giris na boris da haƙoran giya ne kawai, kada ko ɗigo ya taɓa fatar. A gwada injin a ƙasa, hagu da dama, kafin a hau da shi.