Zaman miji da mata a aikin sa-kai: yadda muka yi shekara biyu a Pemba

Mako na uku da saukarmu Chake Chake, wani gari a tsibirin Pemba, na buɗe buhun kayan miyar da Inna ta ɗaure mini da hannunta. Daddawar ta yi farin gashi, kukar ta dunƙule kamar tsohon siminti, kilishin da muke ta tattali ya koma kore. Na zauna a ƙasa ina kuka. Malam ya tsuguna kusa da ni yana cewa, "Ki yi haƙuri, uwargida, za a samo wani." Mu duka biyun mun san babu inda za a samo shi a tsibirin nan.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shi malamin lissafi ne a sakandare, dukanmu 'yan Katsina. Wata ƙungiya ce ta tura mu aikin sa-kai na shekara biyu a Pemba, ɗaya daga manyan tsibirai biyu na Zanzibar a ƙasar Tanzaniya. 'Yan Najeriya da yawa kan fita irin wannan aiki ta shirin TAC, wanda gwamnati ta kafa a 1987 don tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik. Ko ta wace hanya kuka bi, idan ku mutanen arewa ne kuma ƙasar teku aka tura ku, ga abin da na so a ce wani ya gaya mana tun muna gida.

Ku fara da laima, wato danshi, don ita za ta fara da ku. Mu mun san zafi, amma namu busasshe ne: ki shanya zane, kafin ki idar da sallar azahar ya bushe. A can iska kanta a jiƙe take, kuma babu hunturu. Babbar damina, wadda suke kira masika, daga Maris take zuwa Mayu, sannan a sake samun ɗan ruwa wajen ƙarshen shekara. A masika wanki kan yi kwana uku a igiya yana warin danshi. Ku ɗaura igiya a cikin ɗaki inda iska ke ratsawa, ku yi guga da zarar kaya sun sha iska, ku janye katifa da akwati daga jikin bango. Takalmin fata da littattafai su fumfuna ta fi so, don haka duk ranar da rana ta fito a fitar da su waje. Kayan miya kuwa kwalba mai murfi suke so, ƙanana da yawa, yadda in ɗaya ta lalace sauran za su tsira. Manyan shaddodin Malam masu sitati a akwati suka ƙare zamansu, ya koma sa yadi marar nauyi.

Ta fannin jiki maganata gajeriya ce. Wanka sau biyu, a goge hammata da tsakanin yatsun ƙafa su bushe sosai, in ba haka ba ƙurajen zafi da makero za su zo. Ku tafi da katin rigakafin cutar shawara, ana tambayar masu zuwa daga Najeriya. An rage zazzaɓin cizon sauro sosai a Zanzibar, amma ku kwana cikin gidan sauro, kuma in jiki ya yi zafi a yi gwaji kafin a sha magani. Wajen tsallaka titi ku fara duba dama, don ta hagu suke tuƙi.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne zama mu biyu rak. A gida mutane da yawa ne ke riƙe da aure ba tare da an lura ba. Akwai ƙanin miji da za a aika cefane, akwai maƙwabciya da za ki leƙa ki rage zafin zuciya, shi yana da majalisarsa, ke kina da bikinki da sunanki. A Pemba muka wayi gari Malam shi ne mijina, shi ne ƙawata, shi ne uwata, ni ma haka nake a wurinsa. Mutum ɗaya ba ya iya ɗaukar wannan kayan.

Aikin gida ne ya fara fito da abin fili. Lokaci ɗaya muke dawowa, a gajiye ɗaya, sai shi ya kishingiɗa ni in shiga kicin, kamar yadda muka taso muka gani. Ba mugunta ba ce, bai taɓa zama gidan da babu wani hannun ba. Na yi wata biyu ina haɗiyewa har magana ta fara fita da kaifi. Kada ki kai nan. Ki zaɓi lokacin da an ci an ƙoshi, bayan isha, ki lissafa ayyukan ɗaya bayan ɗaya ba tare da gori ba. Ni abin da na ce shi ne, "Malam, a gida mu biyar muke yin aikin nan. Nan ni kaɗai ce, kuma ina tsaye a asibiti tun safe." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Wanne zan ɗauka?" Ya ɗauki ɗiban ruwa da wanke-wanke da kankare kwakwa.

Kwakwar nan sai na yi bayaninta, don kusan kowane girki nasu da ita ake yi. Akwai ɗan kujerar katako mai baƙin ƙarfe mai haƙora a gaba, suna ce mata mbuzi, kalmar da kuma take nufin akuya. Mutum ya hau ya zauna, ya riƙe ɓarin kwakwa da hannu biyu yana gogawa a haƙoran, garin yana zuba a kwano. Sai a zuba ruwan ɗumi a matse. Matsar farko mai kauri a ajiye ta sai ƙarshen girki, ta biyu da ita ake dafa shinkafa. A nan muka fi yin hira mai daɗi, shi a kan mbuzi, ni ina gyaran alayyafo.

Na biyu, kowa ya nemi mutanensa. Ma'aurata kan ji ba sa bukatar kowa tunda suna da juna, sai su kulle ƙofa, shekara ta ƙare ba su san sunan maƙwabci ba. Gidajen can suna da dakali a ƙofa, baraza, inda maza ke zama shan gahawa a ƙananan kofuna. Na matsa wa Malam ya riƙa zuwa ko da ba ya jin abin da ake faɗa. Ni kuma na riƙa shiga wajen matar mai gidan da muke haya, dattijuwa ce. A ƙofa ana cewa "hodi", a amsa "karibu". Babba kuwa "shikamoo" ake ce masa, ya amsa "marahaba". In za ki sayi zanensu na kanga, ki sa a karanta miki rubutun da ke jikinsa, don wani addu'a ne, wani habaici.

Swahili ba zai gagari Bahaushe ba, Larabci ya haɗa mu: sabuni sabulu ne, habari labari, Alhamisi da Ijumaa ba sai an fassara ba, karafuu kuwa shi ne kanumfarin da muke sa wa a kunu, wanda za ku gani shanye a tabarmi a bakin hanya lokacin girbinsa. Sai dai ku kula da agogo. Daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, saboda haka saa moja ƙarfe 7 ne na safe, saa nne ƙarfe 10. Duk wanda ya ba ku lokaci, ku tambaya na Swahili ne ko na Turanci.

Ɗayanku zai riga ɗaya iya harshen, kuma nan ma akwai tarko. Ni na riga shi, don majinyata da Swahili suke gaya mini ciwonsu, shi kuwa da Turanci yake koyarwa. Sai na zama bakinsa a kasuwa da wajen mai gida, abin yana ci masa rai bai faɗa ba. Da na gane, muka yanke cewa cefanen Asabar nasa ne shi kaɗai. Ya riƙa ɗaukar kwando, don an hana ledar sayayya, ya tafi da kalmomi goma a takarda. Cikin wata uku yana ciniki da masu kifi da kansa.

Kuɗi ku zauna a kansu tun watan farko. Alawus na sa-kai na ci da sha ne, amma a gida ana ganin duk wanda ya hau jirgi ya samu. Mun buɗe littafi ɗaya, muka yanke abin da za a tura wa iyayena da nasa kowane wata, kuma babu mai yi wa danginsa alkawari a waya sai ya ce, "Bari mu yi shawara."

Saɓani zai zo, kuma babu gidan da za ki yi yaji. Kada ki ɗauki waya cikin fushi ki kira gida. Ku za ku shirya kafin asuba, mahaifiyarki kuwa za ta kwana da abin a ranta tana nesa, ba ta da yadda za ta yi. Mu dokarmu ita ce wanda ransa ya fi ɓaci ya fita ya zaga ya dawo, kuma ba a kwana ba a yi sallama ba. Sau ɗaya abin ya fi ƙarfinmu, dattijuwar nan ce ta zaunar da mu.

A masallaci Malam ya tarar mafi yawansu Shafi'iyya ne: ana bayyana bisimilla a Fatiha, ana ƙunutin asuba a bayyane bayan ruku'u. Ku bi liman, ku bar gardama, baƙi ne ku.

Ƙaramar sallar farko ita ce ranar da kewa ta fi tsanani, don haka ku shirya mata tun ana azumi. Garin ugali yana yin tuwon masara sosai, kuɓewa kuma tana nan, bamia suke ce mata. Ranar na tuƙa tuwo babbar tukunya, na yi miya da 'yar daddawar da wani abokin aiki ya taho mana da ita daga gida, Malam ya riƙa kai wa gida-gida. Kafin la'asar kwanuka sun fara dawowa, wani da shinkafar pilau, wani da kifi, wani da mandazi. Ku tanadi kwanuka masu murfi kamar shida kafin ranar, kuma duk kwanon da aka aiko muku kada ku mayar da shi wayam.