Yadda ake sauya ruwan narkarwa tsakanin HPLC da NMR

Ɗalibin da ya tatso sinadaran ganyen sabara a Gusau, ko na bagaruwa a Aliero, ya rarrabe su a HPLC (na'urar da ke raba gaurayen sinadarai ɗaya-ɗaya), da sauran aiki gabansa. Gaurayen ruwa da asitonaitiril (wani ruwan narkarwa) da suka fito a ciki cike yake da haidirojin, a NMR (na'urar da ke gano tsarin sinadari ta alamun haidirojin ɗinsa) shi zai danne komai. Dole a sauya shi da mai diyuteriyam, wato haidirojin mai nauyi da ba ya fitowa cikin alamun haidirojin. Na'ura irin Prospekt 2 tana yin haka da kanta, da ƙananan katirij masu tsawon milimita 10 da faɗin 2, waɗanda ke kama sinadarin su bar ruwan ya wuce.

A fara jiƙa katirij da asitonaitiril, a bi da ruwa, kowanne wajen mikrolita 500. A kuma daidaita tazarar lokaci tsakanin na'urar UV (mai gano fitowar kowane sinadari) da katirij, in ba haka ba sai a kama rabin sinadari haɗe da maƙwabcinsa.

Bayan kwalam (bututun HPLC da ke raba sinadaran) ana haɗa famfo na biyu, yana zuba ruwa zalla ninki 2 zuwa 3 na abin da ke fitowa. Sinadarin da ya iso cikin asitonaitiril mai yawa ba ya maƙalewa, kwalbar shara zai zarce. Masu saurin narkewa a ruwa kuwa, katirij nau'in C18 ba ya riƙe su da kyau, gara a gwada katirij na polima. Kada a sa gishirin fosfet, fomik asid kashi 0.1 cikin 100 ya wadatar. Idan sinadarin kaɗan ne, a maimaita allurar samfurin a HPLC sau 3 ko 4, ana tara shi a kan katirij ɗaya.

Wajen busar da katirij ne aka fi yin asara. A hura iskar naitirojin minti 30 zuwa 45, ba gaggawa. In an ɗauke wuta ana tsaka da busarwa, a sake daga farko. Ragowar ruwa yana bayyana a 2.13 ppm (ma'aunin matsayin alama a NMR) cikin CD3CN (asitonaitiril mai diyuteriyam), dab da alamar CD3CN ɗin a 1.94, ya rufe duk abin da ke wurin. Da damina ma, barin kwalbar CD3CN a buɗe kaɗai ya isa, don tana zuƙar laima.

Sai a wanko sinadarin daga katirij da ruwan narkarwa mai diyuteriyam. CD3CN yakan bar alamun OH da NH, CD3OD (metanol mai diyuteriyam) kuwa musanya su yake yi su ɓace. Bututun NMR mai faɗin milimita 1.7 yana cin wajen mikrolita 30. In an zuba fiye da kima, an tsinka sinadarin da aka sha wahalar tarawa.