Yadda za ka tsayar da saurin sonatar Hammerklavier

Duk wanda ya buɗe sonata ta 29 ta mawallafin kiɗa Beethoven, wato dogon kiɗan fiyano mai kashi-kashi da ake kira Hammerklavier, da lamba 138 zai fara cin karo a saman shafi. Bugu 138 ke nan a minti ɗaya, bugu biyu a kowace gaɓa, wato kowane ɗan yanki da ake raba rubutun kiɗa da shi. Cikin sonatocinsa 32 na fiyano, ita kaɗai ya sa wa lambar metronom, na'urar da ke ƙirga bugun kiɗa, kuma ya gama ta a 1818, lokacin kunnensa ya riga ya tafi. Makaɗin fiyano Artur Schnabel ya yi ƙoƙarin bin wannan gudun a faifansa na 1935. Kiɗan na ci kamar wuta, amma yatsu na zamewa nan da can.

Ga yadda nake koya wa ɗalibaina a Sabon Gari. Kada ka zaɓi sauri daga farkon kiɗan. Je wurin da ya fi ba ka wuya, inda yatsu ke cunkushewa, ka buga shi a hankali har kowace murya, wato kowane layin kiɗa, ta fito sarai. Wannan shi ne saurinka na yau. Kunna metronom na wayarka, ka riƙa ƙara bugu huɗu, ba fiye ba, sai wurin ya zauna a hannu. Tsallen nan na hannun hagu a buɗewar kiɗan, kada ka raba shi da hannun dama don neman sauƙi. Kasadar da ke cikinsa tana daga cikin ma'anarsa.

Ka tuna fiyanon Biyena na zamanin Beethoven maɓallansa ba nauyi, sautinsa kuma ba ya daɗewa. Namu na yau ya fi ƙarfi, ga zauren coci mai siminti da kwano yana mayar da amo. A irin wannan ɗaki, rage gudu ka sassauta fedal, abin takawar da ke tsawaita sauti, in ba haka ba komai zai dagule. Mahayi a hawan daushe yakan saki doki, amma linzami na hannunsa, ya ja birki daidai gaban Sarki. Haka nake son jin kashi na farko.

Kashi na uku, Adagio, mai tafiya a hankali, nan ne zuciyata take. Mutane kan ja shi har ya daina numfashi. Ƙirga manyan bugu biyu a gaɓa maimakon shida, ka rera layin da bakinka kafin ka taɓa fiyano. Inda numfashinka ya ƙare kafin jimlar ta ƙare, ka yi nawa ke nan. Sai ka naɗi kanka a waya, ka saurara washegari da safe da fensir a hannu.